Ranar da Madugu Ya Ja Ayari Zuwa Taurari

Duk wanda ya taɓa zama da Madugu, ko da na tsawon shan kofin shayi ne, ya san abu guda game da shi: bai taɓa ɓata ba. Shi da bakinsa yake faɗa. Yana da makarantar koyon tuƙi a layin shaguna, ofis ɗaya, tebur ɗaya, da wata tsohuwar mota wadda sai an lallashe ta take tashi. A cewarsa, ranar da aka haife shi ma shi ya nuna wa ungozoma hanyar komawa gida.

"Hanya a jinina take," yakan ce yana dukan ƙirji. "Ku ɗaure min ido, ku cusa ni a buhu, ku kai ni inda kuka ga dama. Ina fitowa in shaƙi iska, zan gaya muku inda gabas take da inda ake sayar da mai."

A ƙarshen layin akwai shagon wasan kwamfuta. Da can na samari ne, sai wani wasan sararin samaniya ya shigo ya kama manya kamar mura. Kowace ƙungiya tana da kumbonta, tana ɗaukar kaya daga wannan tasha ta kai waccan a tsakanin taurari. Mutum uku ke jan kumbo: mai tuƙi, mai kula da mai da inji, da mai duba taswira ya zaɓi hanya. A wannan hannun titi, Mai Aski ke tuƙi, Mai Kemis ke kula da mai, Tela ke riƙe da taswira. Sun daɗe suna gina kumbonsu mai suna Sannu-Sannu, yau a ƙara tanki, gobe a sake inji, har Mai Aski ya buga hotonta ya manna a madubin shagonsa, sama da hoton 'ya'yansa.

'Yan tsallaken titi su ma suna da nasu kumbon, mai suna Walƙiya. Mai duba musu taswira shi ne Tabarau mai gyaran waya, ƙanin matar Madugu. Gardama ta yi gardama tsakanin hannayen biyu, har aka sa gasa ranar Asabar: a tashi daga tasha ɗaya da kaya iri ɗaya, wanda ya riga isa ya karɓe kumbon ɗan'uwansa.

Ana saura 'yan kwanaki, Madugu na zaune a kujerar aski an kwashe masa rabin kai, sai ga Mai Kemis fuska a yamutse.

"An sallamo Tela daga asibiti," in ji shi. "Aikin ido ya yi kyau. Amma likita ya naɗe shi da bandeji, ya ce ko allon waya kada ya kalla."

Mai Aski ya kashe inji ya dafe kai. "Shi ke nan, Sannu-Sannu ta tafi. Wa zai duba mana taswira?"

Madugu ya juyo da kujera. "Taswira kuke wa wannan makokin? Ina zaune a gabanku kuna neman mai nuna hanya? Ga ƙoshi ga kwanan yunwa!"

"Malam Madugu, ba irin wadda ka sani ba ce," in ji Mai Kemis. "Wannan tana da tsawo, tana da faɗi, tana kuma da zurfi."

"Rijiya ma tana da zurfi. Ka taɓa jin na faɗa?"

"To ka taɓa buga wasan?"

"Kai ka taɓa shan duk magungunan da kake sayarwa?"

Daidai nan Tabarau ya leƙo, da ma kunnensa ba ya nisa da ƙofar mutane. "Ranka ya daɗe, da gaske kai za ka ja ayari? Bari in je in ce wa Yaya ta ɗaura maka guzuri mai yawa, don tafiyar nan ba ranar dawowa."

"Yaro, lokacin da na fara juya sitiyari, kai ko juya kanka a katifa ba ka iya ba."

"Ai sama ba kwalta."

"Ta zo da sauƙi ke nan. Ba rami, ba cunkoso, ba akuya mai tsallaka titi. Fili fetal! Wanda ya koya wa 'yar'uwarka ribas bai mutu ba, me sama za ta yi masa?"

Ya miƙe da zanen aski a wuya, ya ce ranar Asabar zai kawo ɗalibansa kaf su ga yadda ake tuƙi. Bai tsaya nan ba, ya fice da rabin kai zuwa wajen mai fenti, Mai Aski na bin sa da inji a hannu. Kafin la'asar allon makarantarsa ya samu sabon layi da jan fenti: MUNA KOYAR DA TUƘI A ƘASA DA SAMA.

Washegari aka je gwaji. Mai shagon wasan ya zaunar da Madugu, ya ba su kumbon koyo don kada a yi wa Sannu-Sannu illa, ya buɗe taswira. Allo ya cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa gishiri a baƙin tire. Mai Kemis ya kira Tela, ya buɗe muryar wayar ya ajiye ta a kan tebur.

"Malam Madugu, ka saurara da kyau," in ji Tela. "Kumbo ba ya gudu kamar mota. Tsalle yake daga tauraro zuwa tauraro, kuma tsallen yana da iyaka. Ka ga wata raga shimfiɗe a tsakiyar allon? Wasu taurarin suna samanta, wasu suna ƙarƙashinta. Kowanne yana da siririn layi da ya haɗa shi da ragar..."

"Na gan su. Turakun fitilar titi."

"Ba fitilar titi ba ne. Su ke nuna maka ko..."

"Na sani."

"To ka danne madannin dama na linzamin kwamfutar da ke hannunka, ka ja. Taswirar za ta juya, sai ka ga..."

"Tela, ka taɓa ganin direban da ke juya titi? Mota ake juyawa. Je ka kwanta, kada ɗinkin idonka ya warware." Ya kashe wayar.

Ya zaɓi wani tauraro da ke manne da nasu a allo, ya danna. Kwamfuta ta yi ƙara ta ƙi. Ya sake dannawa, ta sake ƙi.

"Ta ce ya yi nisa," in ji mai shago.

"Nisa? Ga shi ga mu!" Ya ɗora ɗan yatsa a allo. "Ko farcena ba zai shiga tsakani ba."

"A ido ne kawai. Can ƙasa yake."

Madugu ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin tebur. "Ba abin da ke ƙasa sai wayoyi da takalmin Mai Kemis."

"A'a, ƙasa ta ciki. Can cikin allon."

Ya tashi ya zagaya bayan allon, ya kara ido a ramukan iska. "Nan ma ƙura ce. Malam, kayanka ne jabu."

Samarin da ke wasa a gefe tuni sun ajiye nasu wasan, sun juyo da kujeru. Madugu ya koma ya shiga danne-danne ba ji ba gani, har Allah ya sa wani tauraro ya karɓa. Kumbo ya yi tsalle, ya tsaya gaban wani jan tauraro ƙato. Madugu ya rungume hannu ya jingina.

Kumbo ya daɗe a tsaye. Mai Aski ya ce, "Me muke jira?"

"Kana ganin ja kana tambaya? Da ni za a karya doka?"

"Tauraro ne fa!"

"Ko wata ne, sai ya ba da kore."

"Malam Madugu," in ji Mai Kemis yana ƙoƙarin danne zuciya, "launin ba na ba da hannu ba ne. Ja ba a shan mai a wurinsa. Rawaya za ka nema mana, shi ke cika tanki."

"Rawaya 'shirya' take nufi. Shekara da shekaru ina koyar da wannan, yau mai sayar da maganin tari zai sake min ma'ana?"

Suna nan suna musu har tanki ya bushe, fitilun kumbo suka mutu. Wani saurayi ya faɗo daga kujera don dariya. Madugu ya miƙe ya gyara riga, ya ce matsalar allon ce, ya yi ƙanƙanta ga mai babban ido. Zai je gida ya yi nazari a fili.

Da ya ce a fili, ba wasa yake ba. Matarsa na fita aiki da safe, ya shiga kicin ya kwaso albasa, tumatir, lemo, dankali da ƙwai. Ya kwance igiyar shanya, ya ɗauko zaren ɗinkinta. Ya hau tebur da guduma da ƙusoshi. Tumatir ya zama jan tauraro, lemo ya zama rawaya, albasa da dankali suka zama sauran jama'a. Ƙwai kuwa tashoshi ne, kowanne ya jefa shi a cikin safa ya ƙulle. Da ƙusoshi suka ƙare, ya ga fanka tana zaune a banza da fukafukai uku, ya rataye mata abin da ya rage.

Matar ta dawo ta tura ƙofa, ta tarar da falonta ya yi 'ya'ya. Mijinta na tsakiya da silifas ɗaya a hannu, yana ratsawa da shi tsakanin kayan miya yana "vuuum" da baki.

"Innalillahi! Baban yara, kasuwa ka buɗe a sama?"

"Tsaya nan! Kin kusa karo da tasha."

"Albasata ce wannan?"

"Da can albasarki ce. Yanzu tauraruwa ce. Ki gode mini, na ɗaga darajarta."

"Wannan safar da na wanke jiya fa, me ke ciki?"

"Sirrin aiki."

Ta ajiye jaka, ta tsaya tana kallo, dariya na son ƙwace mata. Sai ta karkata kai. "Ikon Allah. Daga bakin ƙofa na ga lemon nan kamar ya manne da tumatir. Da na matso gefe, ashe mutum zai wuce ta tsakaninsu. Ba wannan ne zurfin da ake ta gaya maka ba?"

Madugu ya je bakin ƙofa ya rufe ido ɗaya: lemo da tumatir kamar tagwaye. Ya dawo gefe: kowa da unguwarsa. Ya sake komawa ƙofa, ya sake dawowa. Bakinsa ya ɗan buɗe, saura ƙiris ilimi ya shiga. Sai ya tuna wadda ta faɗa, ya rufe bakin.

"Zaren ne ya motsa."

"Ko dai kai ne ka motsa?"

"Da ma na sani, ke 'yar leƙen asirin 'yan tsallake ce. Jini ai ba ƙarya ba ne."

Ana haka aka yi sallama. Mai Aski ne da Mai Kemis, sun zo jin yadda nazari yake tafiya. Mai Aski ya shigo yana share gumi, bai ɗaga kai ba ya ce, "Kai, ɗakin nan da zafi yake," ya miƙa hannu ya danna makunnin fanka da ke bakin ƙofa.

Sararin samaniya ya tashi.

Da farko a hankali, albasa na bin dankali cikin ladabi. Sai zaren fanka ya harɗe na silin, na silin ya finciko ƙusoshi, komai ya ɗauki gudu. Lemo ya daki agogon bango. Wata tasha a cikin safa ta zo da sauri ta fashe a goshin Mai Kemis, ya tsaya da hannu a buɗe, gwaiduwa na gangaro masa ta karan hanci. Matar gida ta faɗa bayan kujera da jakarta a ka.

"Kashe! Kashe!" Madugu na ihu yana kare fuska da silifas.

Mai Aski ya rikice, ya kama abin rage gudu ya murɗa, ashe ƙarawa ya yi har ƙarshe. Wani jan tauraro nunanne ya fita ta taga kamar an harba shi da gwafa, sai aka ji muryar maƙwabciya daga waje: "Wane marar tsoron Allah ne ya jefi farin zanen gadona?"

Da ƙyar matar ta rarrafa ta kashe. Fanka ta tsaya, fiffike ɗaya ya lanƙwashe. Ɗaki ya yi tsit, sai ɗigar ƙwai daga labule.

Madugu ya sauke silifas, ya yi gyaran murya. "Kun gani ko? Haka taurari suke juyawa. Da gangan na shirya muku don ku fahimta."

Wani dankali da ya maƙale a saman fanka ya gangaro ya sauka a tsakiyar kansa.

"Komai nisan jifa," in ji matar, ta miƙa masa bokiti da tsumma.

Mai Aski ya tsallaka titi ya roƙi a ɗaga gasa har Tela ya warke. Tabarau ya ce shi ba ya saɓa wa babban yaya, tunda ranka ya daɗe ya ce ya shirya, to ya shirya. Aka nemi wani mai taswira aka rasa, kowa ya ce ba zai ɗauki alhakin Sannu-Sannu ba. Shi kuwa Madugu darasi guda ya ɗauka daga abin da ya faru: juyawa bala'i ce. Ya je kemis ya karɓo filasta, ya ce zai liƙe madannin daman nan don kada ko da kuskure yatsansa ya taɓa shi.

Ranar Asabar da yamma layi ya cika maƙil. Mai shago ya fito da manyan alluna biyu ƙarƙashin rumfa, kowanne na nuna tagar gaban kumbo ɗaya. Masu taswira kuwa aka zaunar da su baya da bango, kowa shi kaɗai ke ganin allonsa. Ɗaliban Madugu suka cika bencin gaba. Matarsa ta ja kujera ta zauna daidai tsakiya, ta ce ga miji ga ƙane, duk wanda ya faɗi ita za ta kwashe. Tela ma ya ƙi zama a gida, aka riƙo hannunsa aka zaunar da shi da bandejinsa, ya ce in bai gani ba ai zai ji.

Madugu ya iso da safar hannu ta tuƙi da baƙin gilashi. Ya zauna, ya manna filastarsa, ya dubi allo ya yi tsaki. Sunayen taurari da na tashoshi sun cika ko'ina.

"Malam, ina ake kashe wannan rubutun? Yana tare min hanya."

"Kada ka kashe," in ji mai shago. "Da shi ake gane..."

"Ɗan koyo ke karanta allon hanya. Kashe."

Aka kashe. Saura ɗigo-ɗigo da zobba biyu, ɗaya a hagu inda suke, ɗaya can dama inda za su.

Aka busa usur. Abin mamaki, tafiya ta yi kyau. Taurarin yankin a cunkushe suke, duk wanda Madugu ya danna sai ya karɓa. Mai Kemis na hango rawaya ta taga sai ya yi maza ya cika tanki kafin a fara musu. Can a ɗaya allon kuwa 'yan fashin sama suka tare Walƙiya, wuta ta ko'ina, 'yan tsallake na ihu, Tabarau na neman hanyar zillewa gumi na wanke masa gilashi.

"Ƙanin mata!" Madugu ya ɗaga murya. "In turo maka makanike?"

Ɗalibai suka kwashe da tafi. Daɗi ya ɗebi Madugu, ya ɗaga hannu ya tafka wa linzami duka irin na hon. Filasta ta danne madannin ta riƙe shi ƙam. Ya ja hannu, taswira ta bi shi.

Taurari suka tashi kamar ranar fanka. Raga ta miƙe tsaye, ta kife, ta dawo. Yana ja don ya tsayar, tana ƙara wulwulawa. Ya riƙe bakin tebur da ɗaya hannun, ya karkata hagu, ya karkata dama, gilashi ya zame masa zuwa haɓa.

"Lafiya, Malam Madugu?" in ji Mai Aski ba tare da ya ɗauke ido daga tuƙi ba.

"Lafiya lau. Kwana nake sha."

"A sama akwai kwana?"

"Shataletale ne. Kai dai riƙe sitiyarinka."

Ya sunkuya ya ɓanɓare filastar da haƙori. Taswira ta tsaya cak. Ya jira jiri ya sake shi, ya duba: ɗigo-ɗigo na nan, zobba biyu na nan, ɗaya hagu ɗaya dama. Ya sauke ajiyar zuciya. Dama suka nufa tun farko, dama za su ci gaba.

Daga nan hanya ta zama kamar an shafa mata mai. Tsalle bayan tsalle, ba wanda ya ƙi. Mai Kemis ya ɗan daure fuska.

"Kamar na taɓa shan mai a tauraron nan."

"Gidajen mai duk kamarsu ɗaya."

"Wancan mai zobe biyun ma kamar mun wuce shi ɗazu."

"Ƙaninsa ne. Kai lissafin ƙwayoyi ka sani, bar min hanya."

Ba a jima ba tasha ta bayyana a tagar Sannu-Sannu, tana juyawa da fitilunta. Walƙiya kuwa sai lokacin ta kuɓuta, tana ɗingishi can baya. Rumfa ta ɗauki sowa. Mai Aski, idanu cike da ƙwalla, ya shigar da kumbo ƙofar tasha ya sauke shi a hankali kamar ƙwai. Lasifika ta saki ɗan kiɗan maraba.

Madugu ya cire safar hannu ya jefa sama, ya haye kujera.

"Jama'a! Me na gaya muku? An ce zurfi, ina zurfin? An ce a juya taswira, wa ya juya? Ɗalibaina, ku buɗe ido ku ga malaminku! Ƙanin mata, kawo Walƙiya, zan sa ta cikin motocin koyo! Daga Litinin za a buɗe ajin sama, mai so ya zo da wuri, kujeru kaɗan ne!"

Ɗalibai suka miƙe suna "Madugu uban tafiya!" Wani ya ɗauko bokiti yana kiɗa. Mai Aski ya rungume Mai Kemis har ya ɗaga shi sama. Madugu ya fara taka rawa a kan kujera, kafaɗa na hawa na sauka.

Cikin hayaniyar Tela ya ɗaga hannu. "Ku dakata. Don Allah ku ɗan yi shiru." Ya karkata kunne wajen lasifika. "Wannan kiɗan, ai na tashar gida ne. Ta can ba haka take kiɗa ba."

"Tela, ido aka yi maka aiki ko kunne?" in ji Madugu.

Mai shago ya matso gaban allo, ya gyara tsayuwa, ya karanta ɗan rubutun da ya fito a ƙasa. Ya sake karantawa. Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Karanta da ƙarfi mana!" in ji jama'a.

"Tasha ta ce: barka da dawowa. Ta ce kayan ba nan za a sauke su ba, nan aka loda su."

Mai bokiti ya tsaya da hannu a sama. Mai Aski ya saki Mai Kemis ya faɗo. A wannan shirun ne aka ji wani kiɗa daban daga ɗaya lasifikar: Walƙiya ta shiga tasharta, a ƙwarzane, hayaƙi na fita, amma ta isa.

Rumfa ta fashe. Wasu na dukan benci, wasu na riƙe ciki, wata tsohuwa mai wucewa da ba ta san abin da ake yi ba ita ma ta tsaya tana dariya. Tabarau ya cire gilashi yana share hawaye. "Ranka ya daɗe, na janye maganata. Na ce ba ranar dawowa, ashe dawowar kaɗai ka iya."

Madugu na nan a kan kujera. "Ku tsaya! Wane direba ne zai fita da mutane cikin wannan uban daji, ya dawo da su gida ko ƙwarzane babu? Ku dubi nasu kumbon, ku dubi namu! Kaya sun ɓata? An ji wa wani ciwo?"

"Ni an ji min," in ji Mai Aski a zaune a ƙasa, yana kallon mai shago na mayar da Sannu-Sannu hannun 'yan tsallake. "Sannu-Sannu, ki yafe ni. Ni na ba shi kujera."

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Malam, ajin saman na zuwa da dawowa ne, ko na dawowa kawai?"

"Baban yara," in ji matar tana goge ido da gefen mayafi, "sauko haka nan, kafin ka juya kujerar ita ma."

Madugu ya sauko. Ya ɗauki safar hannunsa guda, ya mayar da gilashi kan hanci, ya dubi taron sama da ƙasa. "Ba zan tsaya cikin mutanen da ba su san darajar direba ba. Na tafi. Mai nemana ya same ni a ofis."

Ya juya da ƙasaita, ya ratsa cikin shago, ya kama ƙofa ya fizge, ya shige ya bugo ta da ƙarfi. Sai aka ji ƙarar bokitai da faɗuwar sanduna. Ƙofar fita tana ɗaya gefen. Wannan ta ɗakin ajiye kayan shara ce.

Ba wanda ya tafi. Jama'a suka jawo kujeru suka shigo da su ciki, suka jeru gaban ƙofar. Matar ta ƙwanƙwasa a hankali.

"Fito mu tafi gida."

"Ina nazari."

"A cikin duhu?"

"Sama ma duhu ce."

Mai shago ya dubi ɓawon gyaɗa da ledojin da taro ya zubar masa, ya girgiza kai, ya matso bakin ƙofar. "To Malam Madugu, tunda kana ciki, miƙo min tsintsiya."

Aka yi ɗan motsi. Ƙofa ta buɗe kaɗan, hannu mai safa ya fito riƙe da tsintsiya, ya koma, ƙofa ta rufe.

"Da ma ita na shigo ɗauko maka," in ji murya daga ciki.